Yadda Za Ka Ɗora Wa Ruwan Famfo Laifin Kasa Neman Aure

Idan ka shekara tara kana shan kofi a gidan mace ba ka taɓa buɗe baki ka ce kana sonta ba, har mutanen gari sun fara nuna ka da baki, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Dabarar da zan koya maka ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta a duniya, ni na gwada, kuma ta ci ɗari bisa ɗari. Ka bi matakan nan daki-daki, ni kuma na yi maka alkawari babu mai sake kiranka matsoraci. Tausayinka ma za a riƙa ji.

Sunana Harmen Boonstra. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaga gadar ƙauyenmu jiragen ruwa suna wucewa. Saboda haka in ana maganar tsayawa wuri ɗaya a bar wasu su wuce, ba ni da na biyu a duk faɗin lardinmu na Firislan.

Kayan aiki: mace mai haƙuri guda ɗaya, ƙanwa mai ilimi, bokiti, da kifi. Kunya kuwa ka bar ta a gida, nauyi za ta yi maka.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata akwai abin da za ka rasa

In babu, me ya kawo ka nan? Je ka kama harkarka.

Tawa sunanta Aukje. Gidanta ne na uku daga coci. Mijinta ya rasu shekara goma ke nan, matata kuma sha ɗaya. Kowace Alhamis ƙarfe goma na safe nakan jingine kekena a katangarta, ta zuba kofi, mu yi hirar ruwan sama da yadda dankalin bana ba shi da ɗanɗano. Ka san yadda ake yi: kofi ɗaya, biskit ɗaya. A miƙo maka gwangwani ka ɗauka, a rufe, a mayar kan kanta. Ko fasto ne ya zo iyakarsa ke nan. Ni kuwa tun shekara ta biyu Aukje take barin gwangwanin a buɗe a gabana, ta kau da kai wajen taga. A garinmu mace ba ta da maganar da ta wuce wannan. Na gane sarai. Sai in ɗauki na biyu, in ce na gode, in hau kekena.

Me ya hana ni magana? Tsoro, ba wani abu ba. Ina tsoron in tambaya ta ce a'a, in rasa har Alhamis ɗin. Amma wannan tsakanina da kai ne. Irin wannan gaskiyar ce muke ƙoƙarin binnewa.

Sai kuma abokin takara. Ba sai ka nema ba, da ƙafarsa yake zuwa. Nawa Jelte ne, tsohon likitan haƙori, wanda in ya yi murmushi sai ka ce talla yake yi. Yana da wata doguwar mota mai gado da kicin a ciki. A watan Afrilu ya tambaye ta kai tsaye, wai su je ofishin gari a ɗaura, su wuce Fotugal gudun sanyi. Ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen Yuni.

Da bakinta ta faɗa min. Ta ɗauko littafin alƙawuranta, wanda ko 'yar cikinta ba ta zuwa gidan sai an rubuta ta a ciki, ta juyo min shi. Kowace Alhamis an rubuta "Harmen" da biro. A Alhamis ta ƙarshen Yuni kuma, ƙarƙashin sunana, an rubuta "Jelte, amsa."

"Ka lura da fensir na rubuta," in ji ta.

"Fensir mai kyau kuwa," na ce. "A ina kika saya?"

Ka ga aikin gwani. Haka ake so ka fara.

Mataki na biyu: Ka nemo namijin da ya fi ka lalacewa

Duk lalacewarka akwai shi, bincike ne ba ka yi ba. Ni a ƙorama na samu nawa.

Ƙanwata Femke tana aiki a ɗakin gwajin ruwa, shekara ashirin da biyar tana leƙen kwalabe. Wata Asabar ta ja ni in riƙe mata bokiti a ƙoramar da ke bayan matatar ruwan ƙazanta. Ta zura raga ta ɗago 'yan ƙaya biyar ko shida, kifayen nan da ba su kai ɗan yatsa ba masu ƙaya uku a gadon baya, waɗanda muke kamawa a kwalba muna yara.

"Yaya, dubi wannan. Namiji ne ko mace?"

"Mace mana."

"Namiji ne. Mayu fa za mu shiga. Ya kamata a ce ƙirjinsa ya yi jawur, idonsa ya yi shuɗi, ya haɗa sheƙa da ciyawa yana ta rawa a gaban mata. Dube shi don Allah, kamar dafaffen dankali."

Sai ta yi min bayani. Ƙwayar tsarin iyali da mata ke sha tana ɗauke da sinadari irin na jikin mace, amma na haɗi, mai taurin rai. In jiki ya gama da shi sai ya bi fitsari, ya bi bututu. Matatar kuwa ba don shi aka gina ta ba, ɗan kaɗan yakan tsallake ya faɗa ƙorama, kuma ɗan kaɗan ɗin ya ishi kifi. Namiji sai ya yi sanyi, ba ja, ba faɗa, ba rawa, sheƙar ma sai ya tara ciyawa ya bar ta a warwatse. Matan kuma, in ji ta, wasunsu sai su rage zaɓe, duk wanda ya gitta shi ke nan.

"Wato yana sonta," na ce, "amma ba ya iya zuwa ya faɗa."

"Kifi ne, Yaya. Ina na san abin da yake so?"

"Kuma ba laifinsa ba ne."

"Ba laifinsa ba ne."

Na tsaya cikin laka riƙe da bokiti ina kallon bawan Allahn nan, sai na ji ƙwalla ta cika min ido. Ban taɓa jin kusanci da wani ɗan'uwa kamarsa ba, har da wadda ke tsaye a gefena.

Mataki na uku: Ka saurari masana, amma rabi

Masani yakan fara da abin da kake son ji, ya ƙare da "amma." Da ka ji "amma" ta taho, ka fara tari ko ka ƙara gudu.

A hanyarmu ta komawa Femke ta ɗaga murya daga bayana. "Amma kada ka je ka yi min ƙarya a gari! Ruwan famfonmu daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ko hanya bai haɗa da ƙoramar nan ba. Kai kuma ba a ƙorama kake kwana ba. Yaya! Kana ji na?"

Muna kan keke, iska tana kaɗawa, ni ke gaba. Wa zai rantse na ji?

Mataki na huɗu: Ka kai maganar bencin maƙaryata

Ina nufin bencin bakin ruwa da tsofaffi ke zama daga sha ɗaya zuwa lokacin abincin rana. Ba don wasa aka sa masa wannan suna ba. Duk abin da ka faɗa a can kafin azahar ya kai ƙauyuka uku, ya kuma yi ƙiba a hanya.

Kada ka ce kai ne mai matsala. Ka ba da labarin kifi, ka bar su su ƙulla da kansu.

"Jama'a," na ce, "kun san mazan kifin bayan matatar ruwa sun daina neman aure?"

Tjerk, tsohon mai sayar da cuku, ko ɗago kai bai yi ba. "To ai da kai suka yi koyi."

Aka fashe da dariya. Ka bar su su gama, dariyar tsofaffi ba ta daɗewa, tari ke tare ta. Da suka lafa na zayyana musu duk abin da Femke ta faɗa kafin "amma," na yi ajiyar zuciya, na kalli ruwa.

"Shekara sittin da huɗu ina shan ruwan garin nan," na ce. "Kofi shida a rana."

Tjerk ya dubi fulas ɗin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali.

"Kai, Harmen. Kana nufin shi ya sa ka kasa...?"

"Ni ban ce komai ba. Masana ne suka faɗa."

"To shi Jelte fa? Ba ruwan yake sha ba?"

"Ka taɓa ganinsa ba ruwan kwalba na Faransa a hannu?"

Shi ke nan, magana ta zauna. Kafin Litinin ruwan kwalba ya ƙare a kanti. Matar mai burodi ta fara ƙara min ɗaya a leda tana bubbuga min hannu. Tjerk ya manta ranar haihuwar matarsa, alhali a rubuce take a kalandar banɗaki inda yake zama kullum, ya ce ruwa ne. Ka ga dabara mai kyau ba mutum ɗaya take amfana ba.

Mataki na biyar: Ka ajiye shaida a gida

Na karɓi namijin da ya fi kowanne koɗewa a wurin Femke, na sa shi a tankin gilashi a tagar kicin, na raɗa masa suna Kyaftin. Labulenmu ai a buɗe yake kamar na kowa, duk mai wucewa zai gan shi kwance a lungu ba abin da ya dame shi. In ka ji motsin keke, ka zauna kusa da tankin ka yi irin fuskarsa. Ba sai ka ce uffan ba.

Mataki na shida: Ka sanar da ita a fakaice

Wannan matakin yana da haɗari, don mace mai haƙuri ba wawuya ba ce.

"Aukje, kin ji labarin kifin nan?"

"Har a coci na ji."

"Abin tausayi. Namiji yana nan da zuciyarsa, amma ruwa ya ɗaure masa baki."

Ta kurɓi kofi, ta ajiye. "Da wane ruwa kake tsammani nake dafa wannan?"

"Na famfo."

"Shi nake sha ni ma. Ni kuwa ban daina zaɓe ba, Harmen. Na zaɓa tun tuni. Jira nake a tambaye ni."

Kada ka rikice. Ga gwangwani nan a buɗe. Ka ɗauki biskit na biyu ka cusa shi gaba ɗaya a baki. Babu mai tarbiyyar da za ta sa ran amsa daga mutumin da ke tauna. Ka tauna a hankali har agogon coci ya buga sha ɗaya.

Mataki na bakwai: Kada ka kuskura ka sa wa shaidarka ruwan famfo

A nan na yi kuskure, kuma don kada ka maimaita nake tona asirin kaina.

Ruwan tanki sai ana canzawa. Ƙoramar tana da nisan kilomita huɗu, iska kullum a fuska take, gwiwoyina kuma ba na jiya ba ne. Famfo kuwa ga shi nan, miƙa hannu kawai. Na ce ai ruwa ruwa ne.

Mako uku sai na ga wuyan Kyaftin ya fara ɗan ja. Na ce wa masu wucewa rana ce ta ƙona shi. Mako biyar ƙirjinsa ya zama tumatir, idanunsa suka yi shuɗi tar. Ya kama jan ciyawa yana liƙawa, ya haɗa sheƙa mai ƙofa da ta fi rumfar kekena tsari. Na rataye jan tsumma kusa da tankin, ya taso masa kamar zai fasa gilashi, don lafiyayyen ɗan ƙaya duk abin da ya gani ja kishiyarsa ne a wurinsa, wato wani namijin da ya zo ƙwace masa fili.

Hankalina ya tashi, na yi abin da ba a yi: na ja labule da rana tsaka. A garinmu labule a rufe da rana ko dai mutuwa aka yi ko abin kunya. Kafin awa ɗaya maƙwabta sun kira Femke.

Ta shigo a guje, ta gan ni da raina, ta juya ta ga Kyaftin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, wane ruwa kake sa masa?"

Na kalli rufi.

Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. "Shekara ashirin da biyar ina aikin nan ban yi gwaji mai kyawun naka ba. Ka nuna wa duniya ruwan famfonka lafiya lau yake!"

"Ki rufa min asiri, Femke."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma Aukje ta ga labulen, yanzu na wuce ta a ƙofar coci tana kallon nan." Ta miƙe tana share hawaye, sai kuma dariyar ta ɗauke. "Yaya, ka je ka yi magana. Matar nan ba za ta jira ka har ta mutu ba."

Wannan ma "amma" ce. Ka koma mataki na uku.

Mataki na takwas: In shaida ya juya maka baya, ka ce ciwon ne ya tsananta

Ranar Talata Aukje ta ƙwanƙwasa min ƙofa ba tare da ta rubuta a littafi ba. Cikin shekara tara ba ta taɓa yin haka ba. Kuma cikin duk kayanta sai ta sako jar kwat.

"Kwana biyu labule a rufe," in ji ta. "Na ce bari in zo ko ka mutu."

Tana shiga kicin Kyaftin ya taso. Ya miƙar da ƙayoyinsa, ya daki gilashi, ya ja da baya, ya sake dakowa. Abin da bai kai yatsana ba yana neman yaƙi da mace mai jikoki huɗu.

"Wannan ne mara lafiyar?"

"Alamar ƙarshe ke nan. Sukan haukace kafin su cika."

Ta cire kwat ɗin ta rataye a bayan ƙofa, ta jawo kujera. Na haɗa kofi. Ta gauraya nata, ta lashe cokalin, sai ta ɗaga shi ta kai jikin gilashin, bayansa mai tudu yana fuskantar ciki. Ƙaramin cokalin azurfa ne, mai sheƙi da ɗan tumbi, kuma a idon ɗan ƙaya haka mace mai ƙwai take.

Kyaftin ya tsaya cak. Sai ya fara. Ya zabura dama, ya zabura hagu, ya matso, ya koma, ya sake matsowa. Ya juya ya nufi sheƙarsa, ya kwanta a gefe ya zura baki a ƙofar, ya dawo ya ga cokali bai biyo shi ba, ya sake rawar daga farko. Sau bakwai na ƙirga. Ko sau ɗaya bai tsaya tunanin za a ce masa a'a ba.

"Farfaɗiya ce," na ce.

"Harmen, kana tsammani ku kaɗai kuka kama ɗan ƙaya a kwalba kuna yara? Gida yake nuna wa cokalin."

Ta ci gaba da riƙe cokalin har hannunta ya gaji, sannan ta ajiye shi a kan faranti.

"Cokali ma ya samu wanda ya nuna masa ƙofa," in ji ta. Ta ɗauki kwat ɗinta. "Jibi Alhamis."

Mataki na tara: Ka riƙe matsayinka har ƙarshe

Nan ake gane gwani. Da yawa sukan kai wannan mataki sai zuciya ta rinjaye su, su buɗe baki su ɓata aikin wata biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma saura kaɗan. Na goge rigata mai kyau. A kan keke ina ta maimaita maganar, gajeriya ce: Aukje, ki goge sunan Jelte, ki aure ni. Na faɗa wa shanun Tjerk ita, na faɗa wa gada, ba gargada ko ɗaya.

Na tarar ta shirya tebur. Kofi biyu, gwangwani a buɗe, littafin a tsakiya an buɗe shi a ranar. A gefe ɗaya ta ajiye robar goge fensir, a ɗaya gefen biro.

"Kifinka ya warke," in ji ta.

"Ya warke."

"Kai fa?"

Allah ya sani ina son matar nan. Ina sonta tun ranar da ta fara barin gwangwanin a buɗe, ina sonta a wannan safiyar fiye da kullum. Maganar tana bakina, ina jin nauyinta a kan harshe. Robar ba ta fi taƙi ɗaya daga hannuna ba. Sai tsoron nan ya taso, na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Femke ta ce jikin mutum ya fi na kifi girma. Sai ya ɗauki lokaci."

Femke ba ta taɓa faɗin haka ba.

Aukje ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi. Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki biro ta bi kan rubutun fensir ɗin, harafi bayan harafi, ba gaggawa. Ta rufe littafin. Ta miƙo min gwangwani na ɗauki biskit ɗaya, ta mayar da murfin ta danna, ta tashi ta ɗora shi a kan kanta.

"Sha kofinka kada ya huce," in ji ta.

Sakamako

A watan Agusta aka ɗaura aurenta da Jelte. An gayyace ni, na je, na ci kek. Ko mutum ɗaya bai ce min matsoraci ba. A benci, in sunana ya fito, sai a girgiza kai a ce, "Ruwa ne, bawan Allah." Tsorata mutane da na yi ya sa an tara sa hannu ana neman a ƙara wa matatar abin tacewa, kifayen ƙoramar ƙila su ci ribar ƙaryata. Femke ta kawo wa Kyaftin mata ta gaske, ya samu 'ya'ya sun fi tamanin, ta kwashe su duka ta sake su a rafin da ke sama da matatar. Ranar da doguwar motar ta bar gari ina tsaye a bakin gada. Aukje ta ɗaga min hannu, na ɗaga mata. Ai na saba.

Ka gani ko? Na ce maka ɗari bisa ɗari.

Gargaɗi

Marubucin ba likita ba ne, ba masanin kifi ba ne, kuma ƙanwarsa ta ce a rubuta cewa ba hannunta ba ƙafarta. Duk wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi. Ba na karɓar ƙorafi daga masu kanti, ko matan da aka manta ranar haihuwarsu, ko likitocin haƙori. Ruwan famfo lafiya lau yake, ka sha abinka. In kuma wata Alhamis ƙarfe goma ka tsinci kanka a kicin ka sauko da kofuna biyu ba ka sani ba, kada ka neme ni. Ka ce ruwa ne. Kowa zai yarda, ban da kai.